Ƙarfen da Réjean Ya Ɗauka

"Ai da abin dariya aka fara bikin kiɗan nan. Ba a ba ki labarin Ghislaine ba?"

"Wacce? Tsohuwar da ke raba kofi?"

"Ita fa. Mawaƙiyar shekarar farko. Ta zo hawa sama, muryar ta tsage, sai ka ce an taka wutsiyar mage."

"Kai, ba ka da kirki! Kuma har a littafin tarihin za ka sa?"

"Shafi na biyu. Jibi za a kai bugu."

Réjean Thibodeau yana durƙushe a bayan hafsikod, wannan kakan fiyano mai siraran tsirkiyoyi, kuma ba kalmar da ta wuce kunnensa a hirar waɗannan biyun masu haɗa littafin tarihin bikin. Shekara arba'in ke nan yana saita kayan kiɗan bikin. Duk watan Yuni shi ke fara shiga cocin bakin kogi, tun kafin a jera kujeru. Baƙin makaɗa ba su san sunan magajin gari ba, amma sun san Réjean Mai Kunne.

A shekarar farko kuwa fiyano kaɗai ya iya. Nan garin ya gaji aikin a wurin mahaifinsa, tare da ɗan ƙarfe mai baki biyu da ake bugawa a gwiwa a ji sautin da za a bi. Waɗanda suka kafa bikin sun miƙa masa wani ƙarfen daban, suka ce kiɗan mutanen dā ana saita shi rabin mataki ƙasa da na yanzu. Ya gyaɗa kai, ya jefa a aljihu. Ranar aiki hannunsa ya zaro wanda ya saba da shi.

Mai kaɗa hafsikod ɗin daga tashar jirgin ƙasa ya wuce kan kujera, ba a ko yi gwaji ba. Ghislaine Falardeau, 'yar shekara ashirin da shida, ta tashi da waƙar da ta yi wata shida tana koyo, ta tarar ƙololuwarta ta ƙara nisa. A nan Réjean ya taɓa aljihu ya gane. Kafin makaɗin ya dawo daga hutu ya sauke tsirkiyoyin, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ita ta ɗauka tsoro ne ya shaƙe ta. Ba ta ƙara waƙa a gaban jama'a ba. A makarantar firamare ta koyar har ta yi ritaya, amma bikin bai taɓa wuce ta ba.

Yanzu ga ta nan ta nufo shi da butar kofi.

"Tsoho, fito daga ramin nan kafin gwiwar ta ƙi miƙewa. Sukari biyu, kar ka gaya wa likitanka."

Ya miƙe da ƙyar. Ya kasa kallon fuskarta, sai ya jera ƙarafan biyu a kan murfin hafsikod. Ya buga ɗaya, ya buga ɗayan. Ta karkata kai.

"Sautin wannan ya fi yin sama. To, sai me?"

"Da shi na saita miki ran nan."

Butar ta tsaya a iska.

"Ghislaine, don Allah ajiye butar nan. Zo ki raka ni wurin masu littafin, ki tsaya kusa da ni in faɗa musu da bakina."