Ƙwaryar Ɓaure Zuwa Gwaram

Tashi daga Birnin Kudu

Autarmu Kande tana aure a Gwaram. Da cikinta ya tsufa sai ta aiko wani falke ya gaya mana ba ta iya cin komai, ɓauren bayan gidanmu kaɗai ranta ke so. Na tsorata, don an ce mai ciki in ba ta sami abin da take kwaɗayi ba, ɗan yakan zo da tabo. Na tsinko waɗanda suka kusa nuna, na cika ƙwarya, na rufe da faifai, na ɗaure da tsumma.

Ana idar da sallar asuba ni da Malam, maigidana, muka bi ayarin masu kanwa, don a shekarun nan ba mai bin hanyar shi kaɗai saboda mahara daga Ningi. Ni a kan jaki, shi a ƙasa yana mita.

"Tabawa, yanzu ƙwari za ki kai wa yarinyar nan tsaraba? Ɓaure ai shi yake haifar ƙwarinsa."

"Baƙi ne, Malam. Daga waje suke zuwa."

"Ta wace ƙofa?"

Zango a bakin rafi

Da rana ta take muka sauka a gindin wani ɓaure, muka dama fura. Na janyo reshe mai ɗanyun 'ya'ya na ce ya duba. Ga wasu ƙwari baƙaƙe ƙanana suna kutsawa ta ɗan bakin da ke ƙasan ɓauren, har fikafikansu na karyewa. Ga wasu kuma masu ƙyalli, da wutsiya siririya kamar gashi wadda ta fi jikinsu tsawo. Waɗannan ba sa shiga. Sai ɗaya ta tsaya a bayan ɓauren, ta ɗaga gindi, ta soka wutsiyar a hankali, ta zuba ƙwanta ciki.

Na gaya masa abin da na daɗe ina gani a gida: sai baƙaƙen sun shiga sannan ɓaure ke yin ƙwaya. Masu wutsiya bayansu suke zuwa, kuma ɓauren da suka yi wa yawa, in ka ɓare, ƙwayarsa kaɗan ce.

"Wato 'yan cin banza ne," in ji Malam. Ana haka tururuwa ta cafke wadda yake kallo. Ya ce, "Madalla, ashe akwai dogari."

Kwana a Farin Dutse

Wata dattijuwar Bafulatana ta sauke mu, ta ba mu tuwon dawa da nono. Da safe aka nemi Malam aka rasa, sai ga shi a gindin ceɗiyar ƙofar gida, hancinsa a jikin reshe.

"Tabawa, zo ki gani! Na nan wutsiyarsu gajera ce. 'Ya'yan ceɗiya ƙanana ne, ba su da kaurin ɓaure. Kowanne an auna masa daidai abin da zai huda!"

Sai da madugun ayarin ya yi rantsuwar zai tafi ya bar mu sannan Malam ya taho.

Ƙofar Gwaram

Mun iso da la'asar. Sarkin ƙofa ya nuna ƙwaryata da sanda. "Inna, mene ne a ɗaure haka?"

"Ɓaure ne, ranka ya daɗe."

Ya ce ba wanda zai ɗauko ɓaure tun daga Birnin Kudu, ya fizge faifan da kansa. Ashe zafin hanya ya sa ƙwarin sun fito. Suka taso masa gaba ɗaya, ido da hanci da gemu. Yana atishawa yana cewa sammu aka kawo wa garin, a zubar a ganuwa. Na rungume ƙwaryata, hawaye ya zo mini.

Malam ya gyara riga ya matso. Ya ciro ɗaya daga gemun mutumin, ya ɗora a farce, ya shiga bayanin masu shiga ta baki da masu soka wutsiya da na ceɗiya. Mutane suka taru, jakuna suka toshe hanya. Sarkin ƙofa ya ce, "Malam, don Allah ku wuce."

Kande ko gaisuwa ba ta gama ba ta janye ƙwaryar. Tana ɓarewa tana hurewa tana ci, mijinta na kallo baki buɗe.

Komowa gida

Mun zauna har ta sauka lafiya. Na juya jaririyar gaba da baya, ban ga tabo ba. Bayan suna muka biyo wani ayari muka dawo, mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da dattijuwar Farin Dutse da ta sake ba mu masauki.

Yanzu kullum da hantsi Malam yana gindin ɓauren bayan gida, kansa a sama, shiru. Maƙwabta in sun zo wucewa sai su rage murya, wai kada su katse masa wuridi.