Sojojin Lakan Yaya Sajan

Duk wanda ya san Yaya Sajan a Limancin Kona ya san ba ya shiga ɗakin mutum ya fito haka nan. Ba sata yake yi ba, a'a! A gabanka zai ɗauki abu, ya ƙame, ya ce, "An karɓa don aikin soja." Ni ƙanwarsa Asabe, da na koma gidanmu bayan rasuwar maigidana, na ɗanɗana kuɗata.

Tun da ya dawo daga yaƙi a farkon shekarun saba'in yana ɗingishi, ya tsiri gina sojojin laka, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Bayan la'asar shi da amininsa Malam Iro tela sai su jera su a kan dakali, su shata ganuwa da gawayi, su yi ta gwabzawa. Mutum da furfurarsa! Da a laka abin ya tsaya da ban damu ba. To ai sai an ba kowanne makami, kuma rumbun makaman ɗakina ne.

Tsintsiyata ya fara yi wa sanƙo. Ya zare tsinke, ya yanko bakin gwangwanin madara ya ɗaura da zare, wai mashi. Na ce, "Yaya, da me zan yi shara?" Ko kallona bai yi ba ya ce, "Asabe, gidan da ba tsaro wa zai lura da shararsa?"

Sai laima. Ina dawowa daga kasuwa ruwa ya kece, na buɗe ta a tsakiyar jama'a, ƙyallen ya rufto mini a ka kamar an jefo mini zane. Babu ƙarfe ko ɗaya! Na iso gida jiƙe sharkaf, na tarar da rundunarsa kowa da takobi sai ƙyalli yake.

"Haba Yaya! Ka sayi waya a kasuwa mana!"

"In saya? Ga ƙarfe a gida yana zaman banza duk rani?"

Da abin ya ishe ni na kai ƙara wajen limamin unguwa, na ce gumaka ake ginawa a gidanmu. Ina laɓe a bayan asabari ya zo.

"Sajan, waɗannan ba gumaka ba ne?"

"Allah ya gafarta Malam, gunki roƙonsa ake yi. Waɗannan oda nake ba su, wanda ya ƙi in take shi."

Liman ya sunkuya ya daɗe yana dubawa. Can sai ya laluba aljihu, ya ciro tsohon alƙalamin kara ya ce, "Wannan ba zai yi igwa ba?" Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba don takaici.

Daga nan na ɓoye allurata, wadda ita kaɗai ta rage, a cikin tukunyar daddawa. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na kai masa kunu, sai ya nuna wani soja a gefen tabarma ya ce, "Asabe, saura wannan. Ara mini allurarki." Bai taɓa roƙona komai ba sai ranar. Ni kuwa da bakina na ce, "Ka warke ka zo ka ƙwata da kanka." Kwana biyu tsakani ya cika.

A wajen zaman makoki Malam Iro ya ce da ni, "Kin san dalilinsa? A yaƙi ya ga an tura wani abokinsa gaba ba makami. Abokin nan bai dawo ba."

Na tashi na shiga ɗaki, na zazzage daddawar nan a ƙasa. Na tsinto allurar na soka wa sojan nan, ina kuka ina yi wa Yaya faɗa, don me bai faɗa mini ba?

Allah ya jiƙanka Yaya, ya yafe maka, ya sa ka huta. Ni ma ka yafe mini.