Malam Musbahu, Mutumin da Ya Toshe Mana Intanet

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, 9 ga Yuli, 2025, labari ya iske mu a masana'antar robobi da muke aiki a Sharada cewa Allah Ya yi wa Malam Musbahu Idrisu, mai kula da kwamfutocinmu, rasuwa bayan jinyar kwana shida.

Malam Musbahu, kafin zuwanka wasiƙar imel ɗaya sai ta yi rabin sa'a ba ta tafi ba, saboda rabin ofis na kallon ƙwallo a intanet. Ka ɗauko wata tsohuwar kwamfuta da aka yasar a sito, ka mayar da ita abin da ka kira firoksi. Ka ce mai gadi ce tsakaninmu da intanet: shafin da ake yawan buɗewa takan ajiye kwafinsa don ya zo da sauri, wanda ba na aiki ba kuwa ta hana shi shigowa. Aiki ya yi sauri, mu kuma muka yi mako biyu ba ma amsa gaisuwarka.

Daga baya muka gane cewa na'urar tana rubuta duk inda mutum ya yi ƙoƙarin leƙawa. Manajanmu, Alhaji Lawan, ya tara mu, ya ce ka karanto mutum biyar da suka fi yawan leƙe, a ranar za su bar aiki. Ni Aina'u, sakatariyarsa, nan take na tuna atamfofin da na yi wata uku ina dubawa a intanet. Ka miƙe a natse ka ce, "Ranka ya daɗe, in fara daga sama? Na farkon mai son dambe ne, kwamfutar kuma tana ofishin da ke da firji." Alhaji, wanda ofishinsa ne kaɗai ke da firji, ya yi gyaran murya, ya ce shi dama bai taɓa son raba mutum da abincinsa ba. A wurin ka roƙa, aka buɗe wa kowa sa'a guda bayan azahar.

Shekara takwas asirinmu yana hannunka, ba wanda ka tona. Sau ɗaya dai ka wuce ta gaban teburina, ko kallona ba ka yi ba, ka ce shuɗiyar ta fi kyau. Ita na sa ranar da muka je gidanka a Dorayi gaisuwa.

Allah Ya jiƙanka, Ya rufa maka asiri ranar hisabi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Iyalansa, Hajiya Badi'a, Nura da Khadija, Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa. Amin.