Kalmar da Baba Ya Ara

Babana ya faɗi a kan ciyawar wani gida a Summerfield a bazarar 2006, bai sake tashi da ƙafarsa ba. Ina ɗan shekara goma sha huɗu. Har ya rasu bai taɓa yaba mini a gabana ba.

Daga Maraɗi muka zo Greensboro, a Amurka. Baba yankan ciyawa yake yi a gidajen masu kuɗi, ni kuma duk ranar da babu lakwal, wato makaranta, ina bayan tsohuwar motarsa tare da injuna da jarkar fetur. Ɗaki biyu muke haya a High Point Road, inda warin soyayyar albasar Inna ke gauraya da na maƙwabtanmu 'yan Meziko. Ni ne ɗan fari, don haka Baba ba ya kiran sunana. “Kai” ne, ko “wannan yaron”.

A wani gida da muka je aiki a unguwar Irving Park na fara jin kalmar. Wani Bature yana jefa wa ɗansa ƙwallo, yaron ya yi ta kuskurewa, da ya cafe sau ɗaya uban ya rungume shi ya ce, “I'm proud of you.” Daga baya na gane haka suke. Yaro ya cinye abincinsa, proud. Ya zo na ƙarshe a tsere, proud. Ma'anarta, ina alfahari da kai, kuma a fuskarka ake faɗa maka, kowa na ji. Ranar na yanke filin gidan nan layi-layi kamar an ja da zare, zufa na shiga idona. Baba ya zagaya, ya duba, ya ce na bar gefen katanga.

Na kai ƙara wurin Inna. Ta yi dariya ta ce in daina haukan Amurka, wane uba ne zai yabi ɗan farinsa da bakinsa? Akwai kunya, akwai kuma bakin mutane. Ban yarda ba. Na ƙara ƙoƙari, na koyi wasa wuƙar inji, na koyi canjin mai, ina jira.

Bayan faɗuwar nan, Baba ya farfaɗo a asibiti na ɗan lokaci. Na tsaya kusa da kansa don kada kalmar ta wuce ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Kai, kada ka bar injin a waje, za a yi ruwa.”

Wurin zaman makoki, Alhaji Isuhu mai shagon kayan miya ya ja ni gefe. Ya ce duk Juma'a Baba kan zauna a shagonsa ya ba da labarin aikina har a gaji da shi, in ya zo ƙarshe sai ya juya harshe, ya bugi ƙirji ya ce, “My boy, I proud.” Suna yi masa tsiya wai ya zama Bature. Alhaji ya ce, “Da Hausa ba za ta fito masa ba, ɗana. Sai ya aro ta mutane.”

Ban koma lakwal ba. Na ɗauki injin.

Yau ina da ɗan fari nawa. Nakan faɗa masa kalmar, a fuskarsa, amma da Turanci. Na gwada da Hausa, ta tsaya mini a wuya. Ina nan Greensboro, ina yanka ciyawar gidajen da Baba ya yanka, kuma ba na barin gefen katanga.