Batiran da na kwance a hanyar Zurmi

Ni mai gyaran wutar sola ne a Ƙauran Namoda kafin in lalace. Ina da sana'a, ina da mata, abinci bai gagare mu ba. Kwaɗayi ne kawai. Da guntayen waya na fara, in na gama aiki in cusa a aljihu. Daga nan sai batir.

Wata rana wani dillali a Shinkafi ya ba ni labarin wani dogon ƙarfe a hanyar Zurmi, mai manyan batira a gindinsa. Ya ce, "Mi kake tsoro? Abun gwamnati na, ba shi da mai shi." Na ɗauka na kamfanin waya ne. Da tsakar rana na sa rigar ma'aikata na kwance batiran, har wani makiyayi ya yi mini sannu da aiki.

Ba a yi sati ba aka kama ni. A kotu aka kira wani dattijo, mai ba jiragen sama umarni daga ƙasa. Ya ce ta ƙarfen nan muryarsa ke kaiwa ga matuƙa. Da ƙarfen ya daina aiki sai suka koma layin ko-ta-kwana, wanda murya ke jinkiri a kansa.

"In na yi magana sai in ji shiru," in ji shi. "In maimaita, sai amsar matuƙi ta ci karo da tawa, duk biyun su ɓace. Aikin da nake yi sau ɗaya ya koma sau uku."

Ya ce ranar da na kwance batiran, jirage biyu cike da mutane suka doshi juna. Sai a kira na uku ɗayan ya ji, ya yi ƙasa. Ba wanda ya mutu, amma dattijon ya ce abin da ya faru ranar ne ya sa ya ajiye aiki. Kunya ta rufe ni.

Da na fito daga gidan yari na nemi dattijon, na durƙusa. Ya ce, "Nawa na yafe, ɗana. Na mutanen jiragen kuma ba ni da iko da shi, sai ka nemo su."

Na tuba, na koma sana'ata. Matasa, kada wani ya ce muku abu ba shi da mai shi. Wanda na sata yana da masu shi, mutanen jiragen nan, kuma har yau ban san sunan ko ɗayansu ba, balle in roƙe shi gafara.