Jirgi Mai Fiffike Uku

Ranar da likita ya ce yanar ido ce kawai ke damun Kawu, kuma za a iya cire ta, gidan ya cika da hamdala. Matarsa har da hawaye. Ni ma na ce alhamdu lillahi kamar kowa, amma na san abin da Kawu zai fara neman gani idan idon ya buɗe, na kuma san babu shi.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Kakanninmu daga gabas suka zo Gaya da fatauci tun kafin a haife shi, suka sami gona suka zauna. Abin da ya rage mana na can bai wuce 'yan kalmomin Barbarci da ake yi wa yara faɗa da su ba. Shi bai gaji fataucin ba, noman ma da ƙyar. Gyaran rediyo da talabijin ya yi duk rayuwarsa, sai kuma tara jirage. Ɗakin da ke jikin zaurensa cike yake da su, a rataye da zare daga rufi. Akwai na roba da alhazai ke kawo wa yara tsaraba, ya bi su da lallashi ya karɓe. Akwai waɗanda ya tsinto cikin kayan gwanjo a Kano. Mafi yawa kuwa shi ya ƙera su da gwangwanin madara da waya da dalma. Ba a taɓa su sai da izini, iznin kuma ba ya samuwa.

Ni malamin kimiyya ne a wata makaranta ta wajen Toranke. Duk Asabar bayan la'asar nakan zo da kwamfutata mu kalli wani shirin Turawa mai dogon zango, labarin wani ƙaton jirgi da ke ratsa taurari ɗauke da mutane da irin shuka, suna neman duniyar da za ta nomu. Turancin Kawu bai wuce na jikin rediyo ba, don haka ni ke fassara. Kallon minti arba'in, musun awa biyu. Me aka kulle a hawa na huɗu na jirgin tun zangon farko? Wa ya ja jirgin kafin matar da ke shugabarsa yanzu? Da wani Musulmi zai shiga cikinsu, ina zai fuskanta ya yi salla? Kawu ba ya manta komai. Sai ya kama ni da abin da na fassara masa wata bakwai da suka wuce, ya ce, “Malam, a kashi na tara ba haka ka ce ba.” Malam yake ce mini idan zai kayar da ni.

Gwarzonsa a shirin wani tsohon bakanike ne da ke kula da injin jirgin, mutum mai faɗa da ƙorafi, wanda yake kara kunne jikin bututu ya gane ciwon inji kafin na'ura ta gane. Kawu ba ya kiransa da sunansa na Turanci. “Mutumina” yake cewa.

Da idonsa ya fara rufewa, ba mu daina ba. Aikina ne ya ƙaru, na koma faɗin magana da faɗin hoto. A lokacin ne kuma gidan ya shiga tausayinsa irin tausayin da ban so ba. Ruwa ya kwanta a gonarsa ta Gafasa, geron ya ruɓe, aka ce masa an samu daidai gwargwado. Amininsa na Kademi ya rasu, aka ce ƙafa ce ke damunsa shi ya sa ba ya zuwa. Kawu ba wawa ba ne. Wata rana ya ce da ni, “Ka san tun da na makance ba wanda ya mutu a ƙasar nan? Ba gonar da ta lalace, ba akuyar da ta ɓata. Da na sani da tuni na makance, jama'a su huta.” Muka yi dariya. Sai ya lalubo gwiwata ya dafa. “Kai kaɗai ne idan ka ce mini baƙi, na san baƙi ne.” Na ji daɗin maganar ƙwarai, duk da na san labarin Kademi na yi shiru. Na ce wa kaina shiru daban, ƙarya daban.

Bayan kamar wata biyu na zo na tarar da goshinsa a fashe. Ya yi karo da bakin rijiya da safe, ya faɗi a gaban surukarsa, abin da ya fi raunin yi masa ciwo. Bai ci abinci ba. Ya ce in kunna kawai. A kashin ranar wuta ta tashi a ɗakin inji, tana neman isa rumbun iri. Tsohon bakaniken ya kori yaransa waje, ya ja ƙofar ƙarfe ya kulle ta ciki. Ba magana a wurin, kiɗa ne kawai mai sanyi, da fuskarsa ta bayan gilashi har hayaƙi ya rufe ta.

“Kiɗan ya canza,” in ji Kawu. “Me ya sami mutumina?”

Na dubi goshin nan da aka shafa wa jan magani. Na ce, “Sun sa shi a wani ƙaramin jirgi, Kawu. Shi aka zaɓa ya yi gaba ya dubo musu ƙasa. Sallama suke yi.”

Ya gyara zama. “To da wa za su aika? Waɗancan yaran?” Ranar ya ci tuwo.

Kashi na gaba jana'iza ce daga farko har ƙarshe, sai na tsallake shi. Da ya tambayi me ya sa ba a jin muryar mutumin nasa, na ce nisan ya yi yawa, saƙo a rubuce yake zuwa a allon shugabar. Daga nan duk Asabar sai na ƙago saƙo. Ya wuce wata duniya mai ruwan gishiri. Man jirginsa ya yi ƙasa amma ya yi dabara. Na ware bayan littafin shirya darasina ina rubuta ƙaryar kowane mako, don na san wanda nake yi wa.

Sai ya fara tambayar jirgin. Fiffike nawa? Na ce uku, don shi ne ya fara zuwa bakina. Ina na ukun yake? A ƙasa, kamar na kifi. Hancin fa? Taga nawa? Injin a baya yake ko a ciki? Ban gane inda ya dosa ba sai da na zo na same shi da almakashin ƙarfe da gwangwanaye a gabansa. Wata huɗu ya yi yana ƙera jirgin nan da lalube. Ba zai iya narka dalma ba, sai ya koma lanƙwasa baki da ɗaurin waya. Yatsunsa duk suka tsattsage. Yakan miƙo mini ya ce, “Duba da na cikin allon. Kada ka ji tausayina, in ya karkace ka faɗa.” Ni kuwa in ɗaga shi saitin allon da babu komai, in ce fiffiken hagu ya ɗan fi tsawo. Ya rage shi. Na tsani kaina a waɗannan ranakun, kuma ban daina ba.

Aka yi aikin a Kano. Washegari da aka cire bandejin ina tsaye a bayan matarsa. Ya daɗe yana ƙifta ido, sannan ya dube ta ya ce, “Ashe kin tsufa.” Ta ce shi ma ya nemi madubi. Da ya juyo kaina, abin da ya fara cewa shi ne, “Ka zo da kwamfutar?” Likitan ya ce babu kallon allo sai bayan sati biyu. Ban taɓa son wani likita kamar yadda na so wannan a lokacin ba.

Sati biyun nan na ga yadda gaskiya ke dawowa gida ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙa rumbu ya ga ƙasansa. Babu geron da aka ce an samu. Ya ce a kai shi Kademi ya duba ƙafar amininsa, matarsa ta durƙusa ta gaya masa ya rasu. Ni ina zaure a lokacin. Da ya fito, ya zauna kusa da ni ya ce, “Wata takwas. Ko gaisuwa ban je ba. Iyalinsa za su ce wane irin mutum ne ni?” Bai tambaye ni ko na sani ba, ni ma ban ce ba.

Na yi ta saƙa da warwara a kan babur tsakanin Toranke da Gaya. In goge shirin in ce kwamfutar ta lalace? Mai gyara ne, zai ce in kawo. In ce ya ɓata? Akwai masu tura fina-finai a waya a bakin kasuwa, aike ɗaya zai yi. Har na zauna na bi shirin kashi-kashi ko Allah zai sa a sami wani ƙaramin jirgi da zan nuna in ce shi ne. Akwai ƙananan jirage da yawa. Babu mai fiffike uku.

Asabar ɗin ta zo. Na tarar ya share ɗakin da kansa, ya goge jiragen da suka shekara biyu suna shan ƙura. Sabon yana kan tabarma a gabansa, ya shafa masa farin fenti. Yana sanye da baƙin tabaran da aka ba shi a asibiti, ya cire ya ajiye.

“Fara da ranar sallamar,” ya ce. “Ina so in ga tashinsa. Ina jin hancin nan ban samo shi daidai ba.”

Na buɗe kwamfutar. Na yi ta yawo da kibiyar a kan allon ban danna komai ba. Ya lura, don yanzu yana gani.

“Lafiya, Malam?”

“Kawu, babu jirgin.”

“An yanke wurin?”

“Ba a taɓa yin sa ba. Mutuminka ya mutu a ɗakin inji ranar da ka faɗi a bakin rijiya. Ya kulle kansa da wutar don kada ta ci irin. Jirgin da saƙonnin duk ni na ƙaga.”

Na zaro littafin darasin na buɗe bayansa na ajiye a gabansa, ban san dalili ba. Wataƙila ina so ya ga ban ɓoye sauran ba. Bai taɓa shi ba. Ya ɗauki jirgin ya juya shi, ya bi fiffike na ukun da ɗan yatsa kamar yadda ya saba yi a makance. A waje wata mai talla tana kiran dafaffiyar gyaɗa. Na ƙagu ya yi faɗa, don Kawu ya iya faɗa, kuma faɗansa yana wucewa.

“Da na ce in fiffiken ya karkace ka faɗa mini,” ya ce a hankali, “da me kake gwadawa?”

“Ba komai.”

“Ka ce na hagu ya fi tsawo.”

“Na ce.”

Ya gyaɗa kai. “Na yi zargin gero. Na yi zargin Kademi, har na yi masa addu'a a ɓoye ko da an rufe ni ne. Wannan ko sau ɗaya ban yi zargi ba. Muryarsa ta ɓace, na ce ai Malam ya faɗi dalili.”

Na ce, “Na ga halin da kake ciki ne ranar, Kawu.”

“Kowa halin da nake ciki ya gani.” Ya ajiye jirgin. “Mutum ya yi mutuwar da ta fi rayuwarsa kyau, ka hana ni. Kunna. Da wanda ka tsallake, don na san akwai.”

Muka kalli wutar. Muka kalli jana'izar, yadda yaransa suka jera kayan aikinsa a bakin ƙofar ƙarfen. Na fassara kowace kalma, har waɗanda ba su da amfani. Kawu ya yi kuka sosai, da sabon idon da aka ce kada ya murza, kuma na san ba bakaniken kaɗai yake yi wa ba. Da aka kira magariba ya miƙe, ya tsaya yana duban rufin, inda ya riga ya ɗaura sabon zare a tsakiyar ɗakin, wuri mafi kyau. Ya kai hannu ya kwance zaren ya naɗe a yatsa. Sannan ya ɗauki jirgin ya miƙo mini.

“Tafi da shi. Naka ne. Ni hannu kawai na sa.”

Yana nan a kan kabad ɗina har yau, kuma shi ne mafi kyawun abin da Kawu ya taɓa ƙerawa. Ba mu daina kallo ba. Asabar ta gaba na zo ina ɗari-ɗari, ya ce in shigo, ya tayar da musun hawa na huɗu kamar ba abin da ya faru. Har muka ƙare shirin yana kirana Malam, yana kayar da ni. Abu ɗaya ne ya canza. Shekara biyu Kawu yana marmarin ganin allon nan, amma da zarar na buɗe baki zan fassara, sai ya ɗauke ido daga allon ya zuba wa fuskata.