Kwanon da Na Ɗora wa Fillo

Ni kafinta ne, kuma bakina ba ya da linzami, wannan kowa a layinmu ya shaida. Shagona yana bakin titi a cikin Birnin Gwari, da benci biyu a gindin mangwaro da rediyo rataye a ƙusa. In an yi la'asar nan ake taruwa a yi ta musu har a kira magariba. A shekarar da nake magana, musun guda ɗaya ne. An ji a rediyo cewa wata babbar ƙasar Turawa tana tunanin turo jiragenta su yi wa 'yan bindiga ruwan wuta a dazuzzukanmu. Wasu na cewa Allah ya kawo su, wasu na cewa Allah ya tsare. Ni ina kan gaba a masu cewa su zo, kuma in na fara ba na jin kira.

Ina da dalilina. Damina biyu kafin nan aka harbe ƙanena a gonar masararsa ta wajen Kakangi, yana tsakiyar huɗa, bai ji ba bai gani ba. Ni na sare itacen da aka rufe kabarinsa da shi, ni na kwashe marayunsa zuwa gidana. Tun daga ranar zuciyata ta bushe, in aka ambaci daji ba na ganin komai a cikinsa sai waɗanda suka kashe shi.

Mutum biyu ne ke iya tsayawa su ja da ni. Ɗaya tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, mai yawan karance-karance a waya. Ɗayan kuwa Bafulatani ne, abokina tun muna yara, don babansa ne ke yi wa babana kiwon shanu. Ina ce masa Fillo, yana ce mini Kaɗo, haka muka girma. Rugarsa tana bakin daji, kuma shi ma 'yan bindigar sun kore masa fiye da rabin garke. Duk da haka, in an kai hari wani ƙauye sai ya yi mako bai shigo gari ba, saboda irin kallon da ake yi wa duk mai sanda da malfa.

Wata ranar kasuwa dukansu suna zaune, musu ya yi zafi, na buga guduma a kan benci.

"Wallahi su zo!" na ce. "In ma nukiliya ce da su, su sako ta a tsakiyar dajin Kamuku kowa ya huta. Ko biri kada ya rage."

Hedimasta ya cire tabarau ya dube ni. "Kafinta, ka san abin da kake kira kuwa? Wannan ba bam ba ne da zai tashi ƙura ta kwanta a wuce wurin. Gubarta tana bin iska, tana shiga ruwa, tana zama a cikin ƙasa. Rijiyar gidanka daga ina take sha? Jikanka ma sai ya tarar da ita. Kuma ba jiya muka ji a rediyon nan manyan ƙasashe suna ta kai ruwa rana a kan wa zai mallake ta ba? Mai ita yana hana marar ita, wanda aka hana yana cewa in bai samu ba an gama da shi."

"To su hana mana," na ce. "Ta zauna a hannun masu hankali."

"Wa ya auna hankalin nasu? Ka duba ƙasashen da sojan waje ya shiga da sunan taimako. Kai ne kake kiransa, amma ba kai ne za ka sa masa ranar tafiya ba."

"Malam, mu da ake yanka mu a gona, har muna da wata ƙasa da za a ɓata? Ai an riga an ɓata ta."

Fillo bai cika sa baki ba, amma ranar ya yi magana, a hankali, yana zana ƙasa da sandarsa. "Kaɗo, da muna yara, in an yi rigimar gona da me ake yi? Sanda. Sai wani ya sayi bindigar toka saboda ɓarayi, maƙwabcinsa ya ji tsoro shi ma ya saya. Yanzu dubi abin da ake ratayawa a kafaɗa. Duk wanda ya saya cewa ya yi don tsaro ne. Wa ka taɓa gani ya mayar?"

Maganar ta shige ni, shi ya sa na ji haushi. Na ce, "Su wa ke ratayawar, Fillo? 'Ya'yan wa?"

Na san na yi ɓaranɓarama, amma girman kai ya hana ni janyewa. Fillo ya juya wajen Hedimasta ya ce, "Malam, shi jirgin, yaya yake gane ɗan bindiga daga sama?"

Hedimasta mutum ne mai gaskiya. Ya ce, "Ban taɓa shiga ba. Amma abin da na karanta, hoto suke dubawa. Su ga bukkoki a cikin daji, su ga shanu, su ga babura."

Fillo ya ce, "Duka ukun ina da su."

Nan ne bakina ya ja mini. Ina so in wanke maganar da na yi da raha, sai na ce, "To ka yi rufin kwano mana, Fillo! In suka hango kwano za su san mutumin gari ne, su wuce." Aka yi dariya, ni ma na yi. Shi bai yi ba.

Bayan mako guda sai ga shi a ƙofar shago da sassafe. Ya sayar da bijimi, ya sayi kwano da katako da ƙusa, har ya sa an kai su rugar. Ni yake jira. Na ce masa, "Kai Fillo, wasa fa nake yi!" Ya ce, "Ni ba wasa na ji ba. Ina da mata da yara da tsohuwa. Duk jirgin da ya wuce sai tsohuwar ta shige ƙarƙashin gado. Ka ce su zo, to ga shi za su zo. Ka taimake ni su gan ni."

Matata ta ce kada in je. Ta ce in 'yan sa-kai suka gan ni na nufi daji da kayan aiki, infoman 'yan bindiga za su kira ni. Na ce mata ba a haifi wanda zai kira ni infoma ba, ni da aka kashe wa ƙane. Gaskiyar magana kunya ce ta kai ni. Ina jin nauyin abin da na faɗa masa a gaban mutane, na ɗauka wannan aikin zai goge shi.

Rugar tana da ɗakunan ƙasa biyu masu jinka, sauran bukkokin mata ne. Kwana uku na yi. Muka sauke jinkar, na kafa katako, na jera kwano. Matarsa tana kawo mini fura da nono ta ajiye ta juya. Rana ta biyu na ji ta gaya masa wata magana da Fulatanci, murya a sama. Na tambaye shi, ya yi murmushi ya ce, "Wai ɗakin da ba za a naɗe a ɗora wa sa ba, ita ba ta san amfaninsa ba."

Ina bisa ɗakin ma ban bar musun ba. Ina buga ƙusa ina gaya masa yadda Turawa za su share dajin nan cikin mako guda, yana miƙo mini kwano yana cewa, "Allah ya sa, Kaɗo." Da na gama na tsaya a ƙasa na duba. Rana ta bugi kwanon yana kashe ido, ga duwatsun daji can a bayansa. Wallahi daɗi na ji. Na ce masa yanzu ko makaho ke tuƙa jirgin sai ya gan shi. Ya raka ni har bakin rafi, ya ba ni zakara.

Jirgin Turawa bai zo ba. Har yau ban gan shi a saman garinmu ba. Waɗanda suka zo a kan babura suka zo, bayan azahar, kamar sati uku da gama aikin. Wani ɗan acaɓa ne ya tsaya a gaban shago ya faɗa mini, ina riƙe da zarto. Ya ce an kashe Bafulatanin nan abokina, shi kaɗai, ba a taɓa shanu ba. Hanya ba ta biyuwa ranar, ko jana'izarsa ban samu ba.

Da yamma aka taru a gindin mangwaro kamar kullum. Wani ya ce ai ga irinta nan, shi ya sa dole sojan waje su shigo. Duk aka juyo ana jira in ɗauka daga nan, tunda ni ne mai baki. Na kasa. Abu ɗaya ne ke cina: me ya sa ba su kori shanun ba? Waɗannan mutane ba sa zuwa ruga su bar saniya. Hedimasta ya dube ni, na ga shi ma tambayar ce a ransa, bai dai furta ba.

Bayan kwana bakwai matar ta aiko yayanta. Ya ce za su tashi su koma kudu wajen danginta, amma ta rantse ba za ta bar kwanon nan a kan ɗakin ba, kuma wanda ya ɗora shi ne zai sauke. Na ɗauki kayan aiki na hau bayan babur ɗinsa.

Rugar ta zama kufai, an naɗe bukkokin, ɗakunan biyu ne kawai a tsaye suna ƙyalli. Tana zaune a bayan zana saboda takaba, muryarta kawai nake ji. Na yi mata gaisuwa, ta amsa. Sannan ta ce, "Kafinta, tsaya, kafin ka hau."

Da Hausarta mai nauyi ta gaya mini. Ta ce daga kan dutse 'yan bindigar suka hango kwanon. Da suka zo suka ce wannan alama ce, hukuma ce ta ce ya sa don jirgi ya tsallake shi ya buge su, ke nan yana magana da soja. Ya rantse musu, ba su saurara ba. Suka ce to wa ya zo daga gari ya yi aikin, don shi ne ɗan aiken. Ya ce shi ya yi da hannunsa. Suka buge shi da gindin bindiga, suka sake tambaya, ya ce shi ya yi. Babbansu ya ɗaga kai ya dubi rufin ya ce Bafulatani bai iya jera ƙusa haka ba, ya faɗi sunan mutumin da inda shagonsa yake, su bar shi da ransa.

"Ina tsaye ina ji," ta ce. "Na so in faɗa. Wallahi na buɗe baki zan faɗa, ya harare ni. Ya ce musu shi ya yi."

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Na tsaya a wurin, na san bakina ne ya kashe mutumin nan, kuma shirunsa ne ya sa nake tsaye. Na yi kuka a gaban yayanta kamar ƙaramin yaro, ban ji kunya ba.

Sannan na jingina tsani na hau, na fara zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya yi kyau, ko ɗaya ba ta karkace ba. Sai da na wuni ina fama kafin su fita.